Ginin da Ke Son Hannu

Gidan da aka haife ni a cikinsa, a kwarin Mora da ke arewacin New Mexico, kakana ne ya gina shi da tubalin ƙasa a shekarar 1889, ni kuma na kashe shi a 1974. A shekarar ce na sa aka lulluɓe bangonsa da siminti, domin in hutar da matata Eloisa daga yaɓen da matan garinmu ke yi da hannu kowace kaka. Ban san cewa ƙasa tana numfashi ba. Danshi ya maƙale a bayan simintin yana cin tubalin a ɓoye, har bangon arewa ya zube bara, shekara biyu bayan rasuwarta.

Da na yanke shawarar sake gini, sai na kira Melquiades, magini, wanda muka yi firamare tare. Ya zo da bulo guda da ɓallen farin soso, ya ajiye su a kan teburina.

"Ga gaskiya, Farfesa," in ji shi. Shekara arba'in na koyar da tarihi a sakandare, shi ya sa yake tsokanata da sunan. "Bulo, a cika cikinsa da siminti, a manna masa wannan daga waje. Sanyin Janairu ba zai same ka ba, ƙarar tirelolin babban titi ma sai dai ka ji labari. Ba ruwanka da gyara har a binne ka."

"Tubali mai kaurin ƙafa biyu ma yana tare ƙara," na ce. "Kuma yana shan rana da yini ya mayar da ɗumin da maraice."

"In rana ta fito. Kwana huɗu na hadari, sai ka kwana da takalmi. Kai da gwiwarka ke kuka in za ka zauna, wa zai yaɓe maka shi duk shekara?"

Na ce ai ina da 'ya.

Ya dube ni ta saman tabaransa. "Delfina? Da ke Seattle? Yaushe rabonta da nan?"

"Jana'izar uwarta."

"To, ba bango kake nema ba, tsoho, tarko kake ɗanawa." Ya kwashe kayansa yana dariya, ya ce in kira shi in na gama yaudarar kaina.

Ran Lahadi bayan coci na buga wa Delfina waya. Na yi mata bayani a tsare, kamar a aji: nauyin bango, kaurinsa, yadda mata suka riƙe sana'ar yaɓe a ƙasar nan tun kafin Sifaniyawa su iso a 1598. Ta bar ni na kai aya.

"Baba," ta ce, "so kake in riƙa zuwa kowace Satumba ke nan."

Na ce bango ne ke buƙata.

"Ban iya ba fa. Ka manta? Ina shekara tara na tsoma hannu a kwaɓin Mama, lokacin tana yaɓe tandun burodi, ka janye ni ka wanke ni a famfo. Ka ce 'yarka da alƙalami za ta ci abinci."

Ban manta ba. Na tuna har launin rigarta, da yadda Eloisa ta ci gaba da shafa ƙasar da fatar tunkiya ba ta ɗago kai ba.

"Gwaggonki Sofronia tana nan da ranta," na ce. "Ta iya."

"Shekararta tamanin da huɗu, Baba."

"Shi ya sa."

Delfina ta ce Satumba lokacin aiki ne sosai a asibitin da take aiki, amma za ta duba. Ba ta yi alkawari ba, ni ma ban nema ba.

Washegari na gaya wa Melquiades: bulo da soso a arewa da gabas, inda iska da titi suke, tubali a kudu da yamma. Ya ce wannan gida ne mai raba hankali, amma zai gina. An gama a watan Yuni. Bangon kudu na nan tsirara, layin tubalin a fili, ruwan Agusta ya fara zaizaye gindinsa. Sau biyu Melquiades ya ce zai turo wanda zai rufe shi, na ce a dakata.