Ƙwai Ɗari Huɗu da Makulli Ɗaya

Auta ne ya dafa ƙwan yayarsa a cikin injin ƙyanƙyasa. Wasu 'yan uwa sun so su ɗora laifin a kan masu ɗauke wuta don su rufa masa asiri, amma ƙarya suke. An nuna masa kuskuren da yatsa, an rubuta masa shi da jan biro, ya ce ya gyara alhali bai gyara ba.

Mijin Yaya ya yi shekara goma sha ɗaya yana haɗa irin kaji a bayan gida, wannan zakara da waccan kaza, har ya fitar da wasu jajaye masu gajerun ƙafafu waɗanda zafi ba ya kayar da su, ga su da saka ƙwai. Ya rasu ya bar mata su. Shekara guda bayan haka cuta ta shiga keji, cikin kwana shida ta share su kaf. Abin da ya tsira ƙwai ɗari huɗu ne da aka kwashe kafin cutar ta bayyana. Idan suka ƙyanƙyashe, irin marigayi ya dawo. Idan ba su ƙyanƙyashe ba, babu inda za a sake samunsa.

Tsohon injin marigayi akwatin katako ne mai tagar gilashi, da hita, da fanka, da wani ƙarfe mai kashe hitar idan zafi ya yi yawa. Ma'aunin zafi na gilashi yana rataye a tagar da zaren ɗinki. Auta ya zo ya tsaya a kansa da hannu a aljihu.

"Yaya, wannan ai sai gidan tarihi. A wannan tarkacen za ki zuba su?"

"A cikinsa aka ƙyanƙyashe uwayensu."

"Shi ya sa suka mutu da wuri."

Ta kai masa duka da tsumman da ke hannunta, ya kauce yana dariya. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har ya yi gemu ba ta iya ce masa a'a ba.

Auta yana aiki a wani ƙaramin kamfani mai haɗa na'urorin gona, shi ne mai rubuta manhajar da ke tafiyar da su. Hannunsa na da sauri, wannan ba a musa masa ba. Ya cire ƙarfen marigayi, ya sa wata 'yar kwamfuta kamar tafin hannu da allo mai koren rubutu. Ita za ta auna zafi, ta kunna hita, ta kashe, ta juya ƙwai. Ma'aunin gilashin ya tsinke shi ya jefa a aljihun tebur, wai yana tare taga.

Dokar kamfanin ita ce manhaja ba ta fita sai wani ya duba ya sa hannu. Mai duba aikin Auta wata dattijuwa ce da kowa ke kira Malama, wadda ta fara sana'ar tun yana rarrafe. Ta ajiye takardun manhajar injin a gabansa, shafi na uku ya sha jan biro.

"Gwani, zo ka koya mini. Idan aka ɗauke wuta me ke faruwa?"

"Batir ya karɓa. Uwar manhaja mai tafiyar da kwamfutar ta aiko wa tawa sigina, mai amsa sigina da ke cikin tawa ya tashi, ya rubuta a rahoto cewa wuta ta tafi, ya rage fanka, shi ke nan."

"Ya rubuta a rahoto."

"Laifi ne?"

"Rahoton nan makullinsa nawa?"

"Ɗaya. Sai mai riƙe da shi ne ke iya rubutu a ciki."

"Wa ke ɗaukarsa duk bayan daƙiƙa biyar don ya rubuta zafi?"

"Manhajar."

Malama ta cire tabarau. "To sigina ba ya sallama. Duk inda ya same ta yana tsayar da ita cak, ko cokali na bakinta. A ce ya zo makullin na hannunta. Mai amsa siginanka zai tsaya yana jiran makulli, ita kuma ba za ta motsa ba sai ya gama. Kowa na jiran kowa. Wa zai kashe hita?"

"Malama, sau dubu na gwada."

"A ina?"

"A kwamfutata."

"Kwamfutarka da uwar manhajarta daban, wannan 'yar ƙaramar da tata daban. Abin da waccan ta yafe maka wannan ba za ta yafe ba. Mai amsa sigina aikinsa ɗaya ne, ya ɗaga alama ya fita. Manhajar ta gama abin da take yi, ta ga alamar, ta yi sauran aikin a tsanake. Layi shida ne, kafin shayinka ya huce ka gama."

Sauran ma'aikatan ofishin sun ɗago kai suna sauraro, kuma wannan ne ya ɓata komai. Wani daga kusurwa ya ce, "Yau Gwani ya koma aji ɗaya." Aka yi dariya. Auta ya tattara takardun yana murmushin da bai kai ciki ba.

Washegari Malama ta tambaye shi a bakin ƙofa, ya ce ya gyara. Tana sauri za ta kai jikarta asibiti, ta sa hannu a kan maganarsa. A ransa ya yanke cewa tsoron tsofaffi ne kawai, kuma kafin sigina ya faɗo daidai wannan ɗan ƙiftawar ido sai an shekara dubu. Layi shida ne, amma rubuta su yana nufin ya yarda Malama ta fi shi gaskiya. Bai rubuta ba.

Aka zuba ƙwan, kwana goma sha bakwai komai ya tafi daidai. An ɗauke wuta ya fi sau talatin, kowane lokaci batir ya karɓa. Yaya ta haska ƙwan da fitila ta ga jijiyoyi, daga baya ta ga motsi. Ta wanke keji da magani, ta zuba sabuwar ɗusar katako, ta jera mazuban ruwa. Auta kan leƙo da yamma ya ƙwanƙwasa allon da farce.

"Yaya, kin ga aikin masu ilimi?"

"Na gani, uban surutu. Ka ci abinci?"

Rana ta goma sha takwas, wajen ƙarfe goma na safe, aka ɗauke wuta. Hita na kunne, makullin rahoto na hannun manhajar, sigina ya faɗo. Komai ya tsaya a inda yake. Allon bai mutu ba, bai yi ƙara ba. Ya ci gaba da nuna talatin da bakwai da ɗigo bakwai da kyakkyawan koren rubutu, domin wannan ne zafi na ƙarshe da aka ba shi ya nuna. Bayan minti biyar wuta ta dawo, hita na ta ci.

Sau huɗu Yaya ta shiga ɗakin a ranar. Sau huɗu ta duba allon, kamar yadda ƙanenta ya koya mata, ta fita hankali kwance. Ya gargaɗe ta kada ta buɗe akwatin a kwanakin ƙarshe, ba ta buɗe ba. Sai bayan la'asar, tana share ƙasa, kafaɗarta ta taɓa gilashin tagar, ta ja baya da sauri. Ta ɗauko ma'aunin marigayi daga aljihun tebur ta zura ciki. Jan layin ya hau, ya wuce arba'in da biyar, bai tsaya ba. Ta fizge wayar daga bango.

Auta ya iso da gudu da jakar kwamfuta a kafaɗa. Ya same ta zaune a ƙasa, akwatin a buɗe, ɗakin na wani irin wari mai ɗumi. Ya durƙusa ya haɗa waya. Bai yi minti uku ba ya ga inda manhajar ta tsaya, daidai layin da ya sha jan biro.

"Yaya, wutar ce ta..."

"Wuta ta dawo tun safe."

"Irin wannan abin sau ɗaya yake faruwa a cikin..."

"Ka san zai iya faruwa?"

Ya mayar da idonsa kan kwamfutar.

"Auta, da kai nake. Akwai wanda ya gaya maka?"

"An gaya mini."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ta tashi ta ɗauko babban bahon wanki ta ajiye a gabansa.

"Fasa su. Ɗaya bayan ɗaya. Wataƙila na gefe sun tsira."

Ta san ba su tsira ba, shi ma ya sani. Ya fara fasawa. A cikin kowane ƙwai akwai ɗan tsako cikakke, da baki, da farce, da jan gashi a jiƙe, kansa a naɗe ƙarƙashin fiffike, kwana uku ya rage masa ya fito. Gajerun ƙafafun nan na irin marigayi duk ga su nan. Wajen na sittin ya yi amai a bakin ƙofa, ya ce ba zai iya ba. Ta ce ya dawo ya zauna. Tana tsaye a kansa har ya fasa na ɗari huɗu, kuma babu wanda ya motsa ko ɗaya. Shi ya haƙa ramin a bayan keji, kusa da inda aka binne uwayensu.

Da safe Malama ta je gidan da kanta. Ta tsaya a tsakar gida ta ce hannunta ne a kan takardar, ta sa shi ba ta duba ba, a yafe mata. Yaya ta ba ta kujera da ruwa. Daga nan Malama ta wuce ofis ta ajiye shafi na uku a gaban mai kamfani, ta faɗi nata laifin kafin ta faɗi nasa. Tun daga ranar ba ta ƙara sa hannu a kan maganar baki ba, amma wannan bai dawo da ko tsako ɗaya ba.

Kejin yana nan da ɗusarsa da mazuban ruwansa a jere, ba a sake zuba komai a ciki ba. Yaya ta mayar da ma'aunin gilashin tagar akwatin da sabon zare, ta rufe ɗakin.

An kori Auta daga aiki a makon, kuma labarin ya riga shi zuwa duk inda ya kai takardunsa. Yanzu cajin waya yake yi a wata rumfa a bakin tasha. Shekara biyar ke nan Yaya ba ta buɗe masa ƙofa ba.