Baƙo a Ƙofar Anti Constance

Da aka rufe makaranta don hutun bazara, Juwairiyya ta rubuta sanarwa, ta roƙi mahaifiyarta ta tura a zauren WhatsApp na matan Sterling, garin da suke zaune a Amurka: shekarunta goma sha shida, ta koyi taimakon gaggawa, za ta riƙa rainon yara daga safe zuwa la'asar. Kwana tara shiru. A na goma Anti Constance ta kira, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Kafanchan, mai 'ya ɗaya, Abby, 'yar shekara huɗu.

Ranar farko, Anti Constance na saka takalmi ta ce, "Kowa ya zo, kada ki buɗe. In ina ɗakin tiyata ba na taɓa waya, sai na fito."

Wajen sha biyu da rabi, Abby na cin taliya, aka danna ƙararrawa. Juwairiyya ta leƙa ta ɗan ramin ƙofa. Wani dattijo ne mai furfura, da akwatuna biyu, gumi ya jiƙa masa riga.

"Sannu, Baba. Wa ake nema?"

"Au, kina jin Hausa! Ni ne Katung, yayan Constance. Yanzu na sauka a filin jirgin Dulles. Buɗe, 'yata, rana za ta kashe ni."

Ba a ce mata ana jiran baƙo ba. Ta kira Anti Constance sau uku, ba a ɗauka ba. Ta kira mahaifiyarta, ita ma tana wurin aiki, wayar a kashe. Ta ɗaga Abby zuwa ramin ƙofar.

"Kin san shi?"

Abby ta duba, ta girgiza kai, ta ƙanƙame wuyanta.

"Baba, ka yi haƙuri. Ba zan iya buɗewa ba sai na ji daga bakinta."

"Ke! Daga Abuja nake, kwana na yi a jirgi! Gobe ta san zan zo, aka sauya min tikiti, layina kuma ba ya aiki a nan. Haka ake tarbar babba a gidanku?"

Maganar ta soke ta. A gidansu ko mai kawo saƙo ba a bari a tsaye. Ta kai hannu kan sakata, ta ji sanyin ƙarfen, ta janye. Ya murɗa hannun ƙofar da ƙarfi, sau biyu. Abby ta fashe da kuka. Juwairiyya ta kai ta ɗaki ta kunna mata katun a talabijin, ta dawo ta buga lambar 'yan sanda a waya, amma ba ta danna kira ba. In ya sake murɗawa, za ta danna.

Bai sake ba. Sai ta ji shiru, shirun da ya fi murɗa ƙofar ba ta tsoro. Ta leƙa: yana zaune a kan akwati, ya sunkuyar da kai, yana numfashi sama-sama. Ta zaga ta tagar kicin, ta zura masa gorar ruwan sanyi ƙasa.

"Baba, ga ruwa. Ka koma inuwar bishiyar can, don Allah."

Ya ɗauka ya sha.

Minti hamsin sannan Anti Constance ta kira ta bidiyo. Juwairiyya ta juya kyamara ga ramin ƙofar.

"Wayyo, Yaya Katung!" in ji Anti Constance. "Buɗe masa, Juwairiyya, buɗe!"

Ya shigo, ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa a daƙile. Har la'asar tana jiran a ce mata kada ta dawo. Anti Constance ta iso, ta rungume yayanta, ta sha faɗansa, sannan ta rako Juwairiyya bakin motar mahaifiyarta da ta zo ɗaukarta.

"Gobe shida da rabi," ta ce. "Shi kuma ki bar ni da shi."

Sati uku Baba Katung ya yi a gidan. Sai a sati na biyu ya fara amsa gaisuwarta da fara'a, kuma har ya koma Kaduna, Soja yake kiranta.