Mai Kaɗin Pogoni

A ƙauyen su Uraniya, can kan duwatsun Pogoni, ba a waƙa mutum ɗaya. Wani ya ɗauko baiti, jama'a su riƙe masa sauti guda kamar kukan zuma, sai ɗaya ya hau sama yana murza murya a maƙogwaro, ta sirance ba ta tsinke ba. Shi ake kira klostis, wato mai kaɗi, don kakanni sun ce zare yake ja daga wuyansa yadda mata ke ja a mazari.

Tun tana amarya Uraniya ce mai kaɗi. Bana, ana gobe bikin coci, tsoho Harilaos mai ɗauko baiti ya tare ta.

"Uraniya, muryar nan ta gaji. Ki koma cikin masu riƙewa, Fotini ta hau."

Fotini dai matar ƙanenta ce, 'yar birni, ko cuku ba ta iya haɗawa ba. Uraniya ta ce to, amma hassada ta cika ta.

Ranar biki, bayan an ci gasasshen rago, aka yi da'ira kafaɗa da kafaɗa a dandali, Uraniya dab da Fotini. Yarinyar ta hau, kuma wallahi ta iya. Wannan ne ya fi ciwo. To, mai kaɗi da sautin na kusa da shi yake jingina, kowa ya sani. Uraniya ta sassauta nata ƙasa kaɗan, da gangan. Fotini ta biyo ta, muryar ta karye kamar ta zakara mai koyon cara. Waƙa ta tsaya.

Fotini ta juyo, ido cike da ƙwalla.

"Yaya, ni fa na roƙa a tsayar da ke kusa da ni. Na ce ke ba kya kuskure."

"Ai ba kuskure ta yi ba," in ji Harilaos. "Gemuna ne ya tsufa, ba kunnena ba. Uraniya, wurinki kike so? Ga shi, hau."

Ya sake ɗauko baitin. Uraniya ta ɗaga haɓa, ta buɗe baki, tana jiran sautin da za ta jingina da shi. Duk da'irar babu wanda ya riƙe mata.