Idon Kyamarar Lami

Ɗan ƙaramin notin ya suɓuce daga hantsakin Ɗantsoho ya faɗa kan tabarma, sai ga dattijo da furfurarsa yana rarrafe a zauren maƙwabcinsa, madubin gyaran agogo maƙale a idonsa na dama. Malam Jonathan, wanda ke kishingiɗe a kujera an tokare shi da matasai, ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

"Mai Agogo, in ka ɓatar mini da notin nan, ko na mutu sai na dawo na tambaye ka."

"Kai dai yi shiru, Mai Hoto. Ga shi nan ƙarƙashin ƙahwarka."

Haka suke kiran juna tun zamanin da Jonathan ya zo Katsina daga Pankshin yana saurayi, ya kama haya a Ƙofar Kaura, katanga ɗaya da gidan su Ɗantsoho. Kusan babu gidan da ba ka samun hoton da ya ɗauka a unguwar: na suna, na saukar karatu, na fasfon zuwa Makka. Amma shi kansa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana cewa mutane su ɗaga haɓa, ba shi da hoto ko ɗaya na kirki. In aka nuna shi da waya sai ya kare fuska da tafin hannu, ya ce wannan ba hoto ba ne, gulma ce.

Yanzu kuwa ciwon ƙoda ya cinye shi, likitoci sun sallamo shi gida, kowa kuma ya gane abin da sallamar take nufi. 'Yarsa Happiness, malamar firamare a Batagarawa, ta ɗauki hutu ta dawo tana jinyarsa. Ita ce ta fara tayar da maganar, cikin kuka. A wajensu ba a kai mutum makwancinsa sai da hotonsa a takardar jana'iza, 'yan'uwa su rarraba su ajiye. Da me za ta je gida?

Jonathan ya ce ya yarda a ɗauke shi, amma da sharaɗi. Ya sa ta buɗe akwati ta fito da wata 'yar kyamarar fim ta roba, wadda ba ta fi sabulun wanki girma ba. Ta matarsa ce, marigayiya Lami. Shi ya saya mata, ita kuma ta yi shekaru tana ɗaukar yara da kaji da matan coci da ita. Kyamarar ta mutu tuntuni, ruwan batir ya cinye cikinta, amma gilashin idonta lafiya lau yake. Abin da yake so shi ne Ɗantsoho ya ciro idon ya dasa shi a kan tsohuwar kyamararsa ta ƙarfe, wadda ba ta buƙatar batir.

"Lami ta yi ta bi na da kyamarar nan ina gudu," in ji shi. "To, yanzu na tsaya. Idon da ta riƙa dubawa da shi, shi zai gan ni."

Ɗantsoho ya ce shi agogo ya sani, bai san hoto ba. Ya faɗa sau biyu, ba wanda ya saurare shi. Daga baya ya naɗe kyamarorin biyu a ƙyalle ya tafi da su, yana ƙunƙuni kamar yadda ya saba duk sa'ad da abu ya taɓa masa zuciya.

Ciro idon bai ba shi wahala ba. Ya fasa robar a hankali, ya yanke wayoyi, ya raba gilashin da ɗan injin da ke tura shi, sai ga shi a tafin hannunsa kamar maɓallin riga. Dasawar ce aiki. Ya samo bakin wani tsohon ido da ya fashe a cikin tarkacen Jonathan, ya kai wa Jamilu mai injin yanka ƙarfe ya fafe masa shi, ya yanko masa zoben tagulla. Sauran kuma sai magagari da haƙuri.

Jonathan ya yi masa bayanin inda gizo yake saƙa. Irin wannan kyamara, mai ɗauka ba ta cikin idon yake leƙawa ba. Akwai 'yar taga daban a sama, inda mutum yake bayyana biyu, sai ka murɗa har biyun su haɗe su zama ɗaya, a nan hoto ya zauna. Amma tagar ba ta san gaskiya ba, wani ɗan hannun ƙarfe ne a ciki yake gaya mata, shi kuma zoben tagullar ne yake tura shi. In zoben ya yi kauri ko siranta ko da kamar gashi ne, taga za ta ce daidai, fim ya ce ƙarya ne.

Don haka ake gwaji iri biyu, na nesa da na kusa. Ɗantsoho ya buɗe bayan kyamarar, ya manna 'yar farar takarda mai shara-shara a inda fim yake kwanciya, ya hau soro da hantsi ya saita tankin ruwan da ke can ƙarshen unguwa. Ya goge zoben, ya mayar, ya sake gogewa, har tankin ya fito tsaf a takardar, a juye, kansa a ƙasa. Matarsa Kubura ta ɗaga kai daga tsakar gida ta tambaye shi ko watan azumi yake nema da rana tsaka.

Gwajin kusa ne ya rage, kuma shi ne mai cin lokaci. Ɗantsoho mutum ne da ba ya sakin agogo sai ya kwana yana tafiya a gabansa, ya ce a ba shi zuwa jibi. Gaskiyar magana, akwai wani abu ban da tsantseni. Ya lura tun da aka fara aikin nan Jonathan yake shan kunu, yake tambayar ina aka kwana, sai ya ji tsoron gamawa.

Washegari bayan la'asar Happiness ta yi sallama a ƙofar gidansa. Ba ta zauna ba, ko gaisuwar ma a gurguje ta yi ta.

"Baba Ɗantsoho, ya ce a kawo yanzu. Ya sa na yi masa aski, ya sa rigarsa ta coci."

"Ɗiyata, ban gama mashi gwajin kusa ba."

"Ya ce ya sani."

An fito da kujerar tsakar gida inda inuwar katanga ta sauka. Jonathan da kansa ya sa fim ɗin, yatsunsa ba su manta hanya ba, ya dubi sama ya saita haske, sannan ya miƙa. Ya jingina, ya ɗora hannayensa biyu a kan sandarsa da ke tsaye a gabansa. Ɗantsoho ya leƙa tagar, ya ga amininsa ya rabu biyu, ya murɗa a hankali har fuskokin suka haɗe. Ya danna. Ya yi ta dannawa har fim ya ƙare, domin bai san wata hanyar da zai tsawaita yammacin ba.

"Ka tsaya kamar mai hoto," in ji Jonathan. "Sai dai ba ka ce in ɗaga haɓa ba."

Da safe aka ba wani direba fim ɗin ya kai Kano, domin nan garin an daina wankewa. Kafin ya dawo, Jonathan ya cika, ranar Talata da hantsi, Happiness na karanta masa Zabura, Kubura na zaune a bakin gado tana yi masa fifita.

Aka kai shi ɗakin ajiye gawa na asibiti ana jiran 'yan'uwa daga Filato. Wannan jira ya yi wa Ɗantsoho nauyi, shi da ya saba a rufe mutum kafin rana ta faɗi. Ya zauna a zaure tare da mazan coci yana karɓar gaisuwa kamar ɗan gida, mutanen unguwa na shigowa suna yi masa ta'aziyya shi ma. Bakinsa na amsawa, hankalinsa na kan zoben tagulla.

Da ambulan ɗin hotunan ya iso, Happiness ta kawo masa ba ta buɗe ba. Ya zaro na farko, ya zaro na biyu, ya bi su duka. Zoben ya ci amanarsa. A kowane hoto hannayen Jonathan ne a kan sanda suka fito raɗau, har ana ƙirga jijiyoyi da tabon maganin wanke hoto a faratansa. Fuskar kuwa, da ke baya kaɗan, ta yi dishi-dishi kamar ana kallonta ta cikin hawaye.

"Na ɓata maki, ɗiyata," ya ce. "Da na ƙara ko yini guda... Ki duba wayarki, ƙila akwai wanda kika sata."

Akwai kuwa, guda biyu, yana barci a gadon asibiti. Happiness ta girgiza kai. Ta daɗe tana kallon hoton, tana shafa hannayen da babban yatsanta. Ta ce yini gudan da yake magana a kai, babanta ba shi da shi, kuma ya sani. Wannan ne hoton da ya zauna aka ɗauka da yardarsa, da idon mamanta, shi za ta kai gida. Amma zuciyar Ɗantsoho ba ta kwanta ba. Kunya yake ji, irin ta mai sana'a.

Ranar tafiya motar ɗaukar gawar ta biyo ta unguwar da sassafe domin a yi ban kwana. An buga hoton babba, an manna ɗaya a gilashin gaba, ɗaya a na baya. Matan zumuntar coci suna waƙa a hankali, maƙwabta sun jeru a jikin katanga. Ɗantsoho ya tsaya dab da bayan motar, hoton na daidai fuskarsa, ya sunkuyar da kai don kada ya ga dishi-dishin.

Direba ya tayar, motar ta fara gangarawa a hankali saboda ramukan layin. Sai a lokacin ya ɗago. Da ta wuce shagon tela, dishi-dishin ya fara ɓacewa. Da ta kai bakin kwalbati, fuskar ta haɗe ta zauna sosai, ga goshin, ga ɗan murmushin gefen baki, Jonathan ne sak yana kallon layinsu ta gilashin baya. Ɗantsoho ya ɗaga hannu, bai sauke ba har motar ta karya kwana.