Teburin da Ya Sauko Ƙasa

Saura minti arba'in a rufe karɓar takardun takara, mai gadin ginin ƙungiyar ɗalibai ya leƙo ofis yana haki, ya ce da magatakardan kwamitin zaɓe, "Ranka ya daɗe, ga wata can ƙasa, ta ce ba za ta hau ba, kuma ba za ta tafi ba."

Magatakardan ɗan aji uku ne, mutum mai tsoron kuskure kamar wuta. Tun safe ya jera hatimi da biro biyu da kundin dokokin zaɓe a kan tebur. Ya ɗauki kundin, ya kulle ƙofa, ya sake murɗa ta don ya tabbatar, sannan ya sauko.

A gindin matakala ya tarar da ɗalibar da kowa ke kira Direba, saboda yadda take sheƙa gudu da keken guragunta tsakanin aji da laburare. Takardar neman kujerar wakilin ɗalibai masu buƙata ta musamman tana kan cinyarta. Yayanta, wani bakanike da ya rako ta, ya riga ya naɗe hannun riga.

"Ƙanwata, minti biyu ne fa," in ji shi. "Injin mota ma na ɗauka, balle ke."

"Yaya, shekara uku ana ɗaukata kamar buhu. Matakalar nan ce ta sa na fito takara. In na yarda aka ɗauke ni yau, gobe da wane baki zan yi magana a kanta?"

Ta miƙa wa magatakarda takardar. Ya ɓoye hannuwansa a baya kamar garwashi ta miƙo masa.

"Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Doka ta ce ɗan takara ya miƙa da hannunsa a ofishin kwamiti. Bara an soke takarar wani don ya miƙa a baranda. In na karɓa a nan, ƙorafi ɗaya ya isa a cire sunanki."

Bai rufe baki ba suka ji ƙwanƙwasar sanda a kan siminti. Abokin hamayyarta ne, makaho ɗan sashen shari'a da ake kira Lauya, wanda ya miƙa tasa tun da safe. Magatakarda ya san in ƙarfe huɗu ta buga a haka, Lauya ya haye kujera ba hamayya.

"Direba, an ce mota ta ƙi hawa tudu?"

"Ta ƙi, Lauya. Kai da ka hau, matakala nawa ce?"

"Ashirin da biyu. Ta sha bakwai ta gutsire, mun gaisa da ita da gwiwata."

Ya juyo inda ya ji motsin takardu. "Malam magatakarda, hau ka ɗauko mini tawa, na janye ta."

"Ka janye? Ai kai ne..."

"Inda ta miƙa tata, nan zan miƙa tawa. In an soke, a soke duka, kujerar ta zauna ba kowa, kwamiti ya yi wa ɗalibai bayanin dalili. Ni so nake in kayar da ita a akwati, ba matakala ta kayar mini da ita ba."

"Mafarki kake yi," in ji Direba.

Magatakarda ya dube su su biyu, ya ji kunya ta rufe shi. Sau ashirin ya karanta kundin nan, kullum kuma yana hawa matakalar, amma bai taɓa tambayar kansa wa aka hana hawa ba. Ya duba agogo, saura minti goma sha huɗu. Ya san gobe shugaban kwamiti zai titsiye shi, wataƙila ma a karɓe hatimin daga hannunsa.

"Yaya," ya ce da bakaniken, "tun da ka ce kana ɗaukar inji, zo mu ɗauki tebur."

Suka sauko da shi da ƙyar, ƙafafunsa na gogar bango. Mai gadi ya biyo su da kujera da allon sunan kwamiti da ke rataye a ƙofar ofis, ya jingina allon jikin tebur. Magatakarda ya mayar wa Lauya takardarsa da ya ɗauko daga sama, ya zauna, ya gyara wuyan riga, ya karɓi takardun biyu daga hannun masu su. Da ya ɗaga hatimi sai ya ga ya manto tawada a sama.

Ya zabura da gudu. A matakala ta sha bakwai ya yi tuntuɓe, ƙarar ta cika ginin.

"Ka gaishe ta!" Lauya ya ɗaga murya.

Saura minti biyu ya dawo yana ɗingishi, ya buga hatimi a kan ta Direba, sannan ta Lauya, ya rubuta lokaci, ya ƙara da cewa: an karɓa a ƙasa.

Direba ta juya kekenta. "Lauya, riƙe bayan motar nan in fitar da kai. Da ni da kai sai ranar zaɓe."