Ranar Da Haverly Ya Ji Maganar Mijina

Tun da safe na kafa doka a gidana cewa yau ba mai taɓa waya. Ƙanwata ma na riga na gaya mata, ko gidanta ne ya kama da wuta ta kira 'yan kwana-kwana, kada ta kira mu. Duk mai ɗa ko suruki a ƙwallon nan namu na Amurka, wanda ƙarti ke sa hular kwano suna karo da juna, ya san Talatar ƙarshen Agusta. A ranar kowace ƙungiya ke rage 'yan wasanta daga casa'in zuwa hamsin da uku kafin ƙarfe huɗu na yamma. Wanda za a riƙe ba a ce masa komai. Wanda za a sallama shi ake kira, a ce koci na son ganinsa, ya taho da kwamfutar da ke ɗauke da dabarun wasa.

Namu shi ne Lamont Pettiway, mijin 'yata Renata. Shekara tara yana gefen hagu na katangar da ke kare mai jifan ƙwallo a ƙungiyar garinmu, Maƙera. Bara aka yi masa aiki a gwiwa, bana kuma ƙungiya ta ɗauko wani ƙaton yaro mai suna Sefo da ke buga gurbinsa. Kowa ya san ba za a riƙe su biyun ba, kuma mai gwiwa irin ta Lamont in an sallame shi a nan babu wata ƙungiyar da za ta waiwaye shi. Renata ta ce ba za ta iya zaman jiran nan a gidansu ba, shi ya sa suka taho wurina. Lamont ya kife wayarsa a tsakiyar teburin kicin, ni kuma na kama naɗa pierogi, ina cusa dankali a cikin kullu, don hannuna ya sami abin yi.

Matsalata ɗaya ce a gidan, mijina Kaz. Tun da masana'antar ƙarfen da yake aiki ta rufe ya mayar da Maƙera sana'arsa. Kowace Talata sai ya kira shirin Gus a rediyo ya auna ƙungiyar tun daga mai jifa har mai ɗaukar ruwa, kuma duk garin ya san shi da ba ya rufa wa kowa asiri. Wanda ya fi shan bakinsa shi ne Haverly, manajan da ke saye da sallamar 'yan wasa. Laifinsa a wurin Kaz shi ne tausayi, wai ba ya iya rabuwa da tsofaffin 'yan wasa. Yana da wata magana da har yaran unguwa sun haddace: duk ɗan wasan da ka ji Haverly na yabon zuciyarsa da gogewarsa, to ƙafafunsa sun mutu.

Na ga ya sa tsohuwar hularsa ta Maƙera yana laluben ƙofar gareji, inda yake ɓuya ya yi kiransa.

“Casimir,” na kira shi da cikakken sunansa, “ina za ka?”

“Taya zan duba.”

“Tayar da ke da lambar waya? Yau ɗaya dai, tsohon nan, ka bar bakinka ya huta.”

“Haba Bernadette. In ban kira ba yau ai kowa zai ce tsoro na ji. Maganar masu cafe ƙwallo kawai zan yi, ba ruwana da katanga.”

“Mama, ƙyale shi,” in ji Lamont, bai ko ɗago kai ba. “A kunna rediyon ma. Gara in ji sunayen da ke fita da in zauna ina jin agogo.”

Ban so ba, amma ranarsa ce. Na kunna.

Ba a jima ba wayar da ke kan tebur ta yi ruri. Cokali ya faɗi daga hannuna. Renata ta riƙe bakin tebur, Lamont ya juya wayar a hankali ya kai kunne. Muryar inji ce, wai inshorar motarsa ta kusa ƙarewa. Renata ta fizge wayar ta zazzaga wa injin zagin da ban san ta iya ba, ta kife ta a inda take. Babu wanda ya yi dariya.

Sai ga muryar Gus. “To, ga sarkin masu ƙorafi! Kaz, yau wa za ka binne mana?”

“Gus, ni ba na binne kowa, Haverly ke sayo su a mace. Mu fara da mai jifa. Yaron yana da hannu, ban hana shi ba, amma riƙe ƙwallo yake kamar ajiya aka ba shi. Masu cafewa kuwa, biyu ne na kirki, sauran ka ce da man shanu suke wanke hannu. Masu tsaron baya ba ni da ta cewa, in ba don su ba da tun Oktoba mun kashe talabijin. Sai wannan tsohon mai gudun da Haverly ya kwaso mana daga kudu. Na ga gudunsa ranar Asabar, Gus. Matata ta fi shi sauri in ta ji an yi rahusa a kanti.”

Na ce zai dawo ya same ni. Lamont ya ɗan murmusa, na farko tun safe.

“Ka tsallake katanga,” in ji Gus.

“Lokacinka nake tausayawa.”

“A'a, muna da lokaci. Gefen hagu, Kaz. Duk garin ya san Pettiway surukinka ne, duk garin kuma ya san ba ka taɓa yi mana ƙarya ba. Kai ne Haverly yau. Pettiway ko Sefo?”

Na miƙa hannu zan kashe rediyon, Lamont ya riƙe min wuyan hannu. Ina jin numfashin Kaz ta rediyo, alhali yana bayan bango ɗaya da mu.

“Pettiway,” ya ce daga ƙarshe. “Akwai abin da ba a aunawa da gudu, Gus. Mutumin yana da zuciya. Yana da gogewa. Yaran nan suna bukatar babba a cikinsu.”

Renata ta saki ajiyar zuciya, idonta ya ciko. “Ka ji? Ka ji Baba? In Baba ya ce haka ai shi ke nan.”

Ni ma raina ya yi sanyi, har na yafe masa maganar kanti. Amma da na dubi Lamont sai na ga fuskarsa ta mutu. Ya saki hannuna ya jingina da kujera.

“Zuciya da gogewa,” ya ce a hankali. “Renata, tun kafin in aure ki nake sauraron babanki.”

A nan na gane: a bakin Kaz, wanda aka yaba wa zuciya da gogewa ƙafafunsa sun mutu.

Kaz ya shigo yana goge hannu da tsumma kamar da gaske taya ya taɓa. Bai yarda ya haɗa ido da kowa ba. Ya buɗe firiji ya tsaya yana kallon ciki.

“Baba, zauna,” in ji Lamont.

“Ruwa zan sha.”

“Zauna, don Allah. Ka gaya wa gari naka. Yanzu gaya min nawa.”

“Lamont, bari,” in ji Renata. “Me kake nema kuma? Ai ya faɗa.”

“Likita na ce min na warke. Koci na ce min ina ƙoƙari. Ke kina ce min ni ne gwani. Kowa lallaɓa ni yake kamar ƙwai. Mutum ɗaya na sani a garin nan da ba ya lallaɓa kowa, shi ma yau ya fara. Baba, ka ga wasan Asabar. Me ka gani?”

Na harari Kaz harara mai cewa in ka buɗe baki ka kwana a gareji. Ya gan ni sarai. Ya ja kujera ya zauna, ya cire hular ya ajiye kusa da wayar.

“Kana makara da taki ɗaya,” ya ce. “In mutum ya zo maka kai tsaye har gobe babu mai ture ka. Amma in ya kewayo ta waje, gwiwar ba ta juyawa, sai ka kai hannu ka riƙe riga. Alƙalin wasa bai gani ba ranar Asabar, ni na gani, wanda za ka kara da shi a Satumba ma ya gani. Yaron nan Sefo bai san rabin abin da ka sani ba, amma ƙafafunsa na kai shi inda kanka ke son zuwa.”

“Baba!” in ji Renata. “Yau? A gabansa?”

“Ƙyale shi ya gama,” in ji Lamont.

“Amma ka kwantar da hankalinka,” Kaz ya ci gaba da sauri. “Ba ni ne manaja ba. Haverly ne, kuma Haverly matsoraci ne. Bai taɓa sallamar tsohon da yake so ba. Yau kam na gode wa Allah da ya ba mu wawa.”

Renata ta tashi ta koma jikin tagar ta juya mana baya. Haushin Kaz ya cika ni har wuya, amma tausayinsa ya fi yawa, don ban taɓa jin mutum yana roƙon Allah abokin gabarsa ya yi kuskure da zuciya ɗaya haka ba. Muka zauna. Gus na ta karanto sunayen waɗanda aka sallama, har da tsohon mai gudun nan daga kudu. Na ga Kaz ya ɗago kai da ya ji sunan, launin fuskarsa ya sauya.

“Ya sallami wannan?” ya ce. “Haverly?”

Bai rufe baki ba wayar ta yi ruri. Wannan karon Lamont bai yi jinkiri ba. Ya duba, ya miƙe tsaye kafin ya amsa. “E, ni ne. To. E, kwamfutar tana mota. Ga ni nan zuwa.”

Renata ta rungume shi tana kuka a ƙirjinsa. Ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya dubi Kaz ta saman kanta. “Baba, raka ni. Kayan da yawa.”

Ni na tuƙa, Renata kuma ta ce ba za ta iya ganin ginin ba. Kaz ya yi rayuwarsa kaf yana son ganin cikin ginin nan na Maƙera. Yakan tsaya bakin shinge lokacin atisaye yana leƙe kamar ɓarawon kaji. Ranar mai gadi da kansa ya buɗe masa ƙofa.

Na jira a mota, gilashi a sauke. Da suka fito kowannensu na rungume da baƙar ledar shara, irin wadda ake ba duk wanda aka sallama ya kwashe kayansa. Shekara tara, a leda biyu. Wani siririn mutum mai furfura ya rako su har bakin mota, idanunsa sun yi ja. A talabijin ya fi haka girma.

“Kai ne Kaz na shirin Gus?” in ji Haverly, ya miƙa hannu. “Ina sauraronka a hanya. Ba ka taɓa raga min ba.”

Na san jawabin da Kaz ya tanada wa wannan rana. Na ji shi a banɗaki, na ji shi a mota, na ji shi har cikin barcinsa. Na riƙe sitiyari ina jira. Kaz ya dubi hannun, ya dubi ledar da ke ƙirjinsa, bai ajiye ta ba.

“Ka yi daidai,” ya ce. “Allah ya isa, amma ka yi daidai.”

Haverly ya mayar da hannunsa aljihu, ya gyaɗa kai, ya koma ciki.

Na buɗe musu but ɗin bayan mota, Lamont ya jefa tasa. Kaz ya ƙi. Ya shiga baya ya zauna da ledar a cinyarsa, takalman wasa na tokarinsa a haɓa. Muka wuce gadar tafki. Sai Lamont ya juyo daga kujerar gaba.

“Baba, Talata mai zuwa ka kira Gus.”

“Na daina.”

“Ba ka daina ba. Ka kira, ka gaya musu abin da ka gaya min a kicin. Ba na so a ce a garin nan ni ne na mayar da Kaz maƙaryaci.”

Na duba madubi. Tsohon ya kifa fuskarsa a kan baƙar ledar, kafaɗunsa na rawa. Lamont ya miƙa ƙaton hannunsa baya ya dafa masa ƙeya, bai ɗauke ba har muka iso gida.