Takalman Sagir

Takalma ɗari biyu ne jere a wani fili bayan tashar Kawo, duka na soja, babu ƙafa ko ɗaya a ciki. Kowane da ɗan allo a gabansa ɗauke da suna. Ɗayyabu, mai zanen da ya jera su, ya ce don gwamnati ta zo ta ga waɗanda yaƙin Arewa maso Gabas ya cinye.

Hajara ba kallo ya kawo ta ba. Takalman mijinta ta zo ɗauka.

Shekara uku ke nan da aka ce Sagir ya ɓace a fagen daga. Ba gawa, ba takarda. Ba ta shiga takaba ba, ba ta kuma da mijin nunawa. Sai takalmansa da take ajiyewa a ƙofar ɗakinta a gidan haya, don mazan gidan su san ɗakin da mai shi, don kuma 'yarta Hasiya ta ci gaba da jira. Jiya tana kasuwa yayan Sagir, Malam Abdulrahman, ya kwashe su ya kawo nan.

"Malam, waɗannan ba na mamaci ba ne," ta ce, ta tsaya ta kare allon da zanenta.

"Malam Abdulrahman ne ya kawo su, Malama. Ya ce dangi sun haƙura."

"Dangi! Su ke kwana a gidan haya da yarinya?"

Ɗayyabu ya sosa ƙeya. "In kin ɗauka gurbi zai fito a layin. Gobe 'yan jarida za su zo."

"Su ɗauki hoton gurbin."

Ta waiwaya. Hasiya, mai shekara bakwai, ta riga ta durƙusa tana goge takalman da bakin hijabinta, yadda take yi kowace safiya kafin makaranta.

"Umma, daina ɓoyewa. Na karanta tun ɗazu, sunan Abba ne."

"Tashi mu tafi da su gida."

"Ki bar shi, Umma. A gida shi kaɗai ke kwana a waje. Nan ga abokansa."

Hajara ta dubi layukan, har inda suka ƙare a jikin katanga. Gaba kura, baya siyaki. In ta bar su, ta amsa da kanta ke nan: wata huɗu da kwana goma na takaba, da ƙofa fayau da kowane namiji zai gani. In ta ɗauka, wa za ta ci gaba da ruɗa? Yarinyar ta iya karatu.

Ɗayyabu ya miƙo leda. Ba ta karɓa ba.

Ta sunkuya ta ɗaure igiyar hagu da ta kwance, tamau, yadda Sagir ke yi. Sannan ta kama hannun 'yarta suka bi ta gefen tasha, tana tunanin abin da za ta ajiye a ƙofa kafin maza su dawo daga aiki.